Yadda Ake Bibiyar Ƙanƙara da Daskararriyar Ƙasa da Rada Daga Sama

A watan Yuli na 2017, wani gungumen ƙanƙara mai faɗin kusan murabba'in kilomita 5,800, wanda ya fi jihar Legas girma, ya ɓalle daga shimfiɗar ƙanƙarar Larsen C a Antatika. Aka raɗa masa suna A-68. Lokacin can tsakiyar hunturu ne, rana da ƙyar take leƙowa, babu kuma mahaluki a kusa. Duk da haka masu bincike a Jami'ar Swansea ta Birtaniya sun daɗe suna bin tsagar tana tsawo, wata bayan wata, kamar mai duba tsagewar bangon ɗakinsa da damina. Babban abin aikinsu rada ce da ke kan tauraron ɗan'adam mai suna Sentinel-1.

Rada ba kyamara ba ce. Kyamara tana jiran hasken rana, gajimare kuma yana rufe mata ido. Rada kuwa da fitilarta take yawo: takan harba igiyar rediyo zuwa ƙasa, ta kasa kunne ta ji amsa-kuwwa, irin dabarar jemage cikin duhu. Igiyar tana ratsa gajimare, ba ruwanta da dare ko rana. A yankunan da ake shafe watanni cikin duhu da hazo, wannan shi ne abin da ya sa ake dogara da ita.

Aikin yana farawa da zaɓen zango. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a gajeren zango ya san ana auna igiya da mita. Zangon rada ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba. Na Sentinel-1 santimita 5.6 ne. TerraSAR-X na Jamus yana aiki da kusan santimita 3, wanda ke fito da ƙananan abubuwa sarai amma ba ya shiga ciki da nisa. Taurarin ALOS na Japan suna da kusan santimita 24, mai ratsa ciyawa da ganye har ya taɓa ƙasa. Mai son auna daskararriyar ƙasa da tsiro ya lulluɓe zai fi jin daɗin dogon zango. Mafi yawan masu aikin dai Sentinel-1 suke kamawa, saboda shirin Copernicus na Tarayyar Turai yana ba da hotunansa kyauta, kuma tun 2014 yake tara su.

Daga nan sai a nemo hotuna biyu na wuri ɗaya. Tauraron yana shawagi a tsayin kilomita 693, yana kallon gefe maimakon ƙasa kai tsaye, yana share fili mai faɗin kilomita 250, kuma duk bayan kwana 12 yakan komo kan sawunsa daidai. Hoton rada guda ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa. Baƙi ne da fari, cike da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, tsaunuka sun karkato kamar za su faɗo wa mai kallo. Labarin yana cikin bambancin da ke tsakanin zuwan farko da na biyu. Don haka dole kwamfuta ta ɗora hoton nan kan wancan, ɗigo kan ɗigo, ta yi amfani da bayanin inda tauraron yake a kowace daƙiƙa. In aka yi kuskure a nan, duk abin da zai biyo baya aikin banza ne.

Mafi sauƙin karatu shi ne haske da duhu. Wuri mai kaushi yana mayar da igiya da ƙarfi, sai ya fito fari. Ruwa mai kwance lumui yana karkatar da ita gefe, sai ya fito baƙi. Dusar ƙanƙara busasshiya kusan ba ta tare igiyar, ratsa ta take yi. Amma da zarar ta fara narkewa, ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinta sai ya shanye igiyar, wurin ya yi duhu. Sai a ɗauko hoton tsakiyar sanyi a gwada da na bazara, duk inda ƙarfin amsar ya ragu da kusan rabi a shata shi a matsayin dusa mai narkewa. Da haka ake ganin narkewar tana hawa tsaunukan Alps ko Himalaya daga gindi zuwa ƙoli, masu madatsun ruwa da manoman da ke ƙasa su san ruwa ya kusa saukowa. Da irin wannan karatun ne kuma hukumomin Kanada da Norway ke zana wa jiragen ruwa taswirar ƙanƙarar teku.

Mataki na gaba shi ne gudu. Tarin ƙanƙarar da ke kan tudu ba a tsaye yake ba, yana gangarowa teku a hankali kamar kunu mai kauri da aka zuba a faranti. A bayansa akwai tsage-tsage da ramuka, kowanne da siffarsa. Kwamfuta takan yanki ɗan murabba'i daga hoton farko, ta shiga na biyu tana neman inda wannan siffa ta koma, kamar makiyayin da ke gane saniyarsa a cikin garke da zanen jikinta. Nisan da siffar ta matsa, a raba da kwanakin da ke tsakani, an sami gudu ke nan. Da wannan dabara aka ga kogin ƙanƙarar Jakobshavn a Girinlan ya kai gudun kilomita 17 a shekara a lokacin zafin 2012, wato sama da mita 40 kowace rana.

Inda aikin ya fi ba ni mamaki shi ne awon da bai wuce faɗin yatsa ba. Ka ɗauki mai awon yadi da ke auna zane da kamu. Ya ƙirga kamu masu yawa, a ƙarshe ɗan guntu ya rage. Gobe ya sake auna zanen, sai guntun ya ƙaru da yatsa biyu. Ko da ya mance yawan kamun, ya san zanen ya canja da yatsa biyu. Haka igiyar rada take: tana zuwa ƙasa ta dawo da miliyoyin zanguna cikakku, da ɗan guntun zango a ƙarshe, kuma na'urar tana adana wannan guntun a kowane ɗigo. In aka debe guntun ranar farko daga na ranar biyu, sai hoto ya fito da zobba masu launin bakan gizo. Kowane zobe guda yana nufin ƙasa ta matso ko ta nisanta da tauraron da rabin zango, santimita 2.8 a Sentinel-1. Daga nisan kusan kilomita 700 ake wannan awo. Richard Goldstein da abokan aikinsa ne suka nuna dabarar tana aiki a kan ƙanƙara a 1993, a kogin ƙanƙarar Rutford na Antatika, da hotunan tauraron ERS-1.

Sai dai zobban ba motsi kaɗai ke cikinsu ba, sai an yi tankaɗe da rairaya. Akwai rabon tudu da kwari, wanda ake cirewa da taswirar tsayin ƙasa. Akwai rabon danshin iska, da ke jinkirta igiya har ya yi kama da ƙasa ta nutse, wanda ake ragewa ta hanyar tara hotuna da dama. Sannan a ƙirga zobban ɗaya bayan ɗaya, a fara daga wurin da aka tabbata ba ya motsi, kamar falalen dutse. Kuma tunda rada motsin da ke fuskantarta kawai take ji, akan haɗa hoton da ta ɗauka tana tafiya arewa da wanda ta ɗauka tana gangarowa kudu, don a rarrabe nutsewa da zamewa gefe. Wani lokaci ma sabuwar dusa ta zubo tsakanin kwanakin biyu, ko iska ta sake shimfiɗa ta, zobban su tarwatse, hoton ya tashi a tutar babu.

Da wannan awo ake gano layin da ƙanƙara ke barin ƙasa ta fara yawo bisa teku, layin da ke binne ƙarƙashin ɗaruruwan mitoci. Ɓangaren da ke kan ruwa yana hawa da sauka tare da cikar teku da janyewarsa, wanda ke kan dutse kuwa yana nan zaune, sai zobba su cunkushe a iyakar su biyun. Eric Rignot da abokan aikinsa sun nuna cewa wannan layi a kogin ƙanƙarar Pine Island na Antatika ya ja baya da kusan kilomita 31 tsakanin 1992 da 2011. Wannan adadi yana tayar mini da hankali, domin ruwan da ya bar can ba ya tsayawa can. Ƙanƙarar Girinlan kaɗai tana riƙe da abin da zai ɗaga teku kusan mita 7, tekun nan kuwa shi ne yake bugun gaɓar Legas da Akara.

Daskararriyar ƙasa tana da nata tsarin. Ita ce ƙasar da ta shekara biyu ko fiye a daskare, irin ta Saiberiya da Alaska da tudun Tibet. Samanta yana narkewa da zafi, ya sake daskarewa da sanyi. Wanda ya taɓa barin kwalbar ruwa cike a firiza ya dawo ya tarar ta fashe ya san dalili: ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya daskare. Haka ƙasar ke tasowa da 'yan santimitoci da hunturu, ta sauka da bazara. Mai awo yakan tsince hotunan watannin da babu dusa, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ya jera su shekara bayan shekara. In ƙasa ta sauka ta komo inda take, lafiya lau. In kuwa kowace shekara tana komowa ƙasa da bara, to tsohuwar ƙanƙarar da ke ciki ce ke tsiyayewa. A birnin Yakutsk gidaje bisa ginshiƙai aka gina su don ɗumin ɗaki kada ya narkar da abin da suke kai. Layin dogon Qinghai zuwa Tibet, da aka buɗe a 2006, yana bin irin wannan ƙasa na kusan kilomita 550. Ga injiniyan da ke kula da su, santimita biyu a shekara ba ƙaramin labari ba ne.

Ba a rufe aiki sai an taka ƙasa. Akan kafa na'urar GPS a kan ƙanƙara, ko a dasa wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke mayar da igiya tar a kowane hoto. A daskararriyar ƙasa, mutum yakan tsaya a ƙarshen zafi da sandar ƙarfe, ya soka ta cikin laka har ya ji ta yi karo da tauri, ya rubuta zurfin a littafi. In adadin sama ya saɓa da na ƙasa, a koma kan kwamfuta a nemo inda aka kauce.

Abin da ya fi cutar da wannan aiki shi ne giɓi. Lokacin da tagwayen taurarin Sentinel-1, wato 1A da 1B, ke aiki tare, kwana shida ne tsakanin hoto da hoto. Da 1B ya lalace a Disambar 2021, aka koma kwana 12, kogunan ƙanƙara masu gudu suka riƙa canja kama kafin tauraron ya dawo. Sai a Disambar 2024 aka harba Sentinel-1C, a Yulin 2025 kuma Amurka da Indiya suka harba NISAR mai dogon zango. Hotunan Sentinel-1 suna nan a intanet, manhajar sarrafa su mai suna SNAP ita ma kyauta ce, kuma tauraron da ke ratsa Girinlan shi ne ke bi ta kan Tafkin Chadi da kogin Binuwai. Ɗalibi a Zariya ko Damagaram da ya koyi gane dusa mai narkewa da duhunta zai iya zana iyakar ambaliya da wannan hannun, a tsakiyar Agusta, hadari ya rufe sama.