Malam-buɗe-littafin Bakin Tafkin Tabalak

Wani mutum daga Tawa ya tambayi sunan ƙaramin ƙwaron nan mai launin ƙasa da ke wulgawa cikin ciyawar bakin tafkin Tabalak.

Bisa kwatancensa, malam-buɗe-littafi ne na dangin da masana ke kira Hesperiidae, waɗanda ake ganewa da kaurin jiki da tashi fir-fir. Tsutsarsa takan naɗe ganyen ciyawa ko na dawa da zaren bakinta, ta ɓuya ciki da rana, ta fito ci da dare, shi ya sa ba kasafai manomi yake ganinta ba. Tafkin kuwa, wanda aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2005, yana riƙe mata ɗanyar ciyawa bayan tudun Adar ya bushe.