Ta Kafaɗa da Ta Ajiya: Nasiha ga 'Yan'uwa Maharba



Sana'ata gyaran bindiga. A hannun mahaifina na koye ta, kuma na haura shekara ashirin ina yi. Yanzu kaka ta wuce, an kwashe amfanin gona, ciyawa ta fara bushewa, lokacin shiga daji ya yi. A irin wannan lokaci rumfata ba ta rabuwa da jama'a, kuma masu bindiga biyu tambayarsu ɗaya ce kullum: "Malam, wacce zan riƙa fita da ita, wacce zan ajiye?" Kafin in amsa, ga abin da na gani da idona.

Bara waccan wani dattijo ya kawo mini bindigarsa mai baki ɗaya, allurar da ke dukan gindin harsashi ta karye. Na ce masa sai bayan kwana uku. Ya ce ba komai, gobe akwai farauta amma yana da ta ajiya a gida, mai baki biyu, sabuwa ya saye ta shekara takwas da suka wuce, bai harba ta ya kai sau goma ba. Na ce, "Baba, don Allah a kawo mini ita in duba kafin goben." Da la'asar sai ga shi da ita, a naɗe cikin tsohon zani, an zura a buhu. Daga waje kyakkyawa ce, ƙotarta har sheƙi take. Na karya ta, na ɗaga bututun biyu saitin rana. Na dama haske ya ratsa. Na hagu duhu ƙirin. Na zura sanda a hankali, sai busasshiyar laka ta fara zubowa a kan tabarmata, haɗe da ɓurɓushin matattun ƙwari. Zanzaro ne ya yi ɗaki a ciki, kusan tsawon ɗan yatsa.

Dattijon ya daɗe yana kallon lakar nan, sannan ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya san abin da na sani. Idan aka harba bindiga bututunta a toshe, ƙarfin wutar ba shi da hanyar fita, sai ƙarfen ya kumbura ko ya tsage, kuma hannun hagun maharbi a jikin bututun nan yake.

Tun daga ranar nake faɗa wa kowa: mafi yawan bindigogin da suka fi tayar mini da hankali a rumfar nan daga ɗaka suka fito. Wadda ke shiga daji kullum tana shan ƙura da rana, amma mai ita yana taɓa ta, yana goge ta, yana jin ƙaramin canji a jikinta. Wadda aka jingine a bayan ƙofa ba mai tambayar lafiyarta sai ranar da buƙata ta taso, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Wacce za ta hau kafaɗa?

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɓoye mai lafiyar don kada ta tsufa, ya riƙa fita da wadda yake lallaɓawa. Wannan lissafin baya ne. Bindigar da za ka harba sau da yawa ita ce ya kamata ta fi kowacce lafiya, domin kowane harbi gwaji ne a kan ƙarfenta da kuma yatsunka.

Abu na farko, ka ɗauki wadda jikinka ya sani. Rufe ido ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, sannan ka buɗe. Idan idonka ya sauka daidai bisa bututun ba tare da ka miƙa wuya ko ka ƙanƙance kafaɗa ba, ta dace da kai. Maharbin da ya san nauyin kunamar bindigarsa, ya san inda take zuba harsashi a taku ashirin da taku talatin, shi ne ke kayar da nama da harbi ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya raunata gada ta gudu ta je ta mutu a wahale, ya ɗauki alhaki kuma ya koma gida hannu rabbana.

Na biyu, ka duba wadda harsashinta da kayan gyaranta suke samuwa. A ƙasar nan harsashi mai lamba 12 ya fi kowane yawa a hannun maharba. Masu baki ɗaya irin su Baikal ta Rasha ba su da tarkace da yawa a ciki, sifirin ko allura idan sun karye ana samun madadi. Bindiga mai tsada wadda ƙaramin ƙarfe ɗaya zai zaunar da ita wata shida ba abokiyar tafiyar kullum ba ce.

Na uku, ka auna aikin da nauyin. Mai tsaron gona daga birai da mugun dawa yana zaune wuri ɗaya, nauyi bai dame shi ba. Mai bin zabon daji da fakara tun asuba har azahar, kowane ƙarin nauyi a kafaɗarsa yake kwana, kuma hannun da ya gaji shi ke yin ganganci.

Akwai kuma bindigar da ba ta cancanci kafaɗa ba, ba ta cancanci ajiya ba. Idan ka rufe ta ka girgiza ka ji bututun yana motsi a mahaɗarsa. Idan ka shafa bututun ka ji kumburi. Idan tsatsa ta yi ramuka masu zurfi a ciki. Idan ƙotar ta tsage a wuyanta an ɗaure da waya ko roba. Idan kunamar tana sakin kanta da ɗan bugu kaɗan, to wannan ta gama aiki har sai ƙwararre ya duba ta. Wasu na gyaruwa, wasu kuwa ina gaya wa mai su gaskiya cewa sun mutu. Kiran irin wannan "ta ajiya" yaudarar kai ce.

Sharuɗɗan ta ajiya

An ce ajiya maganin wata rana, to amma sai idan abin da aka ajiye zai yi aiki a ranar. Ta ajiya ita ce wadda za ka ɗauka gobe da safe idan ta kafaɗa ta zo rumfata, ka shiga daji da ita hankalinka kwance.

Don haka ya fi kyau su biyun su ci harsashi iri ɗaya. Wannan ya wuce maganar sauƙin saye. Harsashi mai lamba 20 ya fi mai lamba 12 siranta. Idan suka cakuɗe a jaka ɗaya aka saka na 20 a bindiga mai lamba 12, sai ya zarce ciki ya maƙale a bututu. Maharbi ya ga wurin fayau, ya ɗauka bai ɗura ba, ya ƙara na 12 a bayansa. Abin da zai biyo baya shi ne irin abin da ɗakin zanzaro ya so jawo wa dattijon nan.

Ko a cikin lamba 12 ɗin ma akwai bambancin tsawo. Duba jikin bututunka, za ka ga an buga 70 ko 76, wato milimita. Harsashi na 76 yana shiga bindiga mai 70 kafin a harba shi, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma idan ya tashi, bakin kwansonsa ba ya samun wurin buɗewa sosai, sai matsin ya wuce abin da aka ƙera bindigar ta ɗauka. Ka karanta lambar kowace bindigarka, ka karanta ta kwalin harsashi.

Masu haɗa ta zamani da ta gargajiya, wato harba-ruga, ku saurara da kyau. Albarushin da ke cikin harsashin zamani ba irin baƙin albarushin bindigar toka ba ne, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya farke harsashi ya juye garinsa a bindigar ɗuri ya sayi fashewa da kuɗinsa. Na ga hannun da ya rasa yatsu uku ta wannan hanya, mai shi kuwa magidanci ne da ke ci da iyali da noma.

Sannan ka riƙa harba ta ajiyar lokaci zuwa lokaci a wurin da babu jama'a, bayan ka tabbatar bututun a buɗe yake. Bindigar da hannunka ya manta baƙuwa ce, ko da kai ka saye ta.

Yadda ake ajiyewa

Kada a ajiye bindiga a ɗure. Ta zamani a karya ta a cire harsashi a gani da ido. Ta gargajiya kuwa ba a ganin cikinta, don haka ka yi wa sandar ɗurinka alama a daidai inda take tsayawa idan bindigar ba komai a ciki. Duk ranar da sandar ta tsaya alamar tana sama da bakin bututu, akwai ɗuri. Baƙin albarushi yana iya shekaru a bututu bai mutu ba. Wannan ya shafi har masu harbin bikin hawan Sallah, waɗanda bindigoginsu ke kwana a ɗaka wata da watanni tsakanin hawa da hawa.

Dattin baƙin albarushi yana jan danshi, yana cin ƙarfe cikin 'yan kwanaki. A wanke bututun da ruwan zafi ranar da aka yi harbi, a busar da shi sarai, sannan a shafa mai. Man da ya dace shi ne na bindiga, idan babu a sa na keken ɗinki. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su zama danƙo su riƙe allura. Baƙin man inji kuwa datti ne aka ƙara wa datti. Shafawa kaɗan ta isa, kuma kafin harbi a zura tsumma a goge man da ke cikin bututun.

Buhu da gidan fata suna riƙe danshi, musamman da damina, ƙarfe ya yi ta tsatsa a ɓoye. Jingina a bangon ƙasa kuma gayyatar gara ce zuwa ƙota. Akwatin katako ko na ƙarfe mai kwaɗo, a ɗage daga ƙasa, a wuri busasshe, shi ne daidai, kuma zanzaro ba ya shiga rufaffen akwati. Na fi son kada a cusa tsumma a bakin bututu, domin wanda ya cusa yana mantawa. Harsashi a kulle shi a wani wuri daban, a riƙa amfani da tsohon kafin sabo. Wanda ya kumbura ko gindinsa ya yi kore a daina sa shi. Idan kuma ka ja kunama bai tashi ba, ka bar bakin bindigar yana kallon inda ba kowa na tsawon minti ɗaya kafin ka buɗe, domin tsohon harsashi yana iya jinkirin tashi.

Ka sa wa kanka ranar dubawa. Ni nakan ce farkon kowane wata, da ƙarin dubawa idan ruwa ya sauka da kuma idan ya ɗauke. Minti goma ne: a buɗe, a ɗaga wa haske, a goge, a mayar.

Yara, ɓarayi da doka

Ta kafaɗa tana tare da kai a daji. Ta ajiya kuwa tana gida tare da 'ya'yanka. Kada ka ce ba su san inda take ba. Yaro ya san kowane lungu na ɗakin ubansa, ya san saman rumbu, ya san ƙarƙashin katifa. Ɓoyewa ba ta maye gurbin kullewa. Makullin ya zauna a jikinka.

Halin da dazukanmu ke ciki kuma ba ɓoyayye ba ne. Bindigar da aka sace daga ɗakin maharbi tana iya komawa kan maƙwabcinsa. Kada ka yi ta shelar abin da ka ajiye a majalisa ko a kasuwa, kuma idan ta ɓace ka sanar da 'yan sanda nan take.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa jama'a, irin na soja, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na farauta masu cin harsashi, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Akwai na ɗuri ta baki, nasu a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha yake. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani. Zaman bindiga a akwati bai cire ta daga doka ba, ita ma tana buƙatar takardarta, kuma lasisinka naka ne, bai halatta maka ara wa ƙaninka ko ɗanka ba. Idan maigida ya rasu ya bar bindiga, magada su je wa hukuma da maganar kafin kowa ya ce tasa ce.

Amsata ga mai tambaya ke nan. Ka rataya wadda ta fi lafiya kuma hannunka ya fi sani. Ka ajiye wadda ke cin harsashi irin nata, a wanke, ba ɗuri, a kulle, kana duba ta kowane wata. Idan ka san ba za ka iya ba ta wannan haƙƙi ba, bindiga ɗaya ta ishe ka, ka miƙa ɗayar ta hanyar da doka ta tanada.

Dattijon nan yanzu kafinta ya yi masa akwati mai kwaɗo. Duk farkon damina da ƙarshenta yakan zo da bindigoginsa biyu, mu zauna a tabarma, ya karya mai baki biyun da hannunsa, ya ɗaga ta saitin rana, sai ya ga haske ya ratsa duka biyun sannan ya miƙo mini. Kafin ka shiga daji bana, ɗan'uwa, ka fito da taka ka yi haka. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba da sa'ar farauta.