Karɓar Motar Haya a Wani Gari, Ajiyewa a Wani: Yi Lissafi Kafin Ka Sayi Tikiti

Duk wanda ya taɓa ɗaukar shatar mota daga Kano zuwa Abuja ya san direba ba kuɗin zuwa kaɗai yake karɓa ba. Yana sa man da zai ƙona a hanyar dawowa da yinin da zai ɓata a cikin lissafi, tunda ba shi da tabbacin samun fasinja. Kamfanonin hayar mota na ƙasashen waje irin su Hertz da Avis da Europcar da Sixt, waɗanda ke miƙa maka makulli ka tuƙa da kanka, su ma haka suke yi. Idan ka karɓi mota a wani gari ka ce a wani garin za ka ajiye ta, sai su ɗora maka kuɗi na daban, wanda a takardunsu na Turanci za ka ga an rubuta one-way fee ko drop charge. Wannan kuɗin ya sha dagula wa matafiya kasafi, domin galibi sai mutum ya sayi tikitin jirgi ya kama otal sannan yake cin karo da shi.

Saboda haka shawarar da na fi so ka riƙe ita ce: kada ka biya tikitin da zai sauke ka a wani birni ya kwashe ka a wani, sai ka san nawa ne kuɗin ajiye motar. Tun ran gini, tun ran zane. Da zarar tikiti ya ɗaure ka, ba ka da sauran bakin ciniki, abin da suka yanka shi za ka biya.

Kuɗin nan ba shi da tsayayyen farashi. Nisa na cikin abin da ake dubawa, amma babban ma'auni shi ne ko kamfanin yana buƙatar motar a inda za ka kai ta. Tsakanin manyan birane biyu da mutane ke kai-kawo kullum, kamar San Faransisko da Los Anjalis a jihar Kalifoniya, sau da yawa kuɗin ƙanƙani ne, wani lokacin ma babu, saboda gobe wani zai karɓi motar ya dawo da ita. Amma ka ajiye ta a ƙaramin garin da ba a cika neman haya ba, dole kamfani ya biya direba ko ya ɗora ta a tirela, kuma daga aljihunka wannan zai fito. Shi ya sa hanya ɗaya takan yi farashi biyu. Kafin ka tsayar da shiri, juya tafiyar ka gani: in daga gabas zuwa yamma ta yi tsada, gwada daga yamma zuwa gabas a ranakun nan dai.

Lokaci ma yana da tasiri. A Amurka, idan sanyi ya kama, mutanen jihohin arewa kan yi tururuwa zuwa Fulorida, kamfanoni su tara motoci a can. Da sanyin ya wuce, wajen watan Afrilu da Mayu, sai motocin su yi musu yawa, su riƙa ba da haya da araha ga duk wanda zai fitar da mota zuwa arewa. Akwai ma kamfanonin da sana'arsu ke nan, haɗa matafiyi da motar da ake son mayarwa wani gari: Transfercar da Imoova a Ostireliya da Niyu Zilan, DriiveMe a Faransa, Movacar a Jamus. A wurinsu kana iya samun mota a kan dala ɗaya ko yuro ɗaya. Sai dai su ke zaɓar hanya, su ke ƙayyade kwanaki da kilomita. Wannan ya dace da ɗalibi ko matashin da lokaci ke hannunsa. Magidanci mai iyali da ranar komawa gida ba zan ba shi shawarar dogara da shi ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne tsallaka iyaka. Mutum zai ga a Turai ana wucewa daga Faransa zuwa Jamus cikin sauƙi, sai ya ɗauka motar haya ma haka take. Tuƙa ta ka shiga ka dawo yawanci ba matsala in ka sanar da kamfani. Barinta a can ne tsada, domin lambarta da rajistarta da inshorarta na ƙasar da ta fito ne, kuma reshen da ka ajiye wa ba zai iya ci gaba da ba da ita haya kamar tasa ba, sai an mayar da ita gida. A nan kuɗin yakan kai ɗaruruwan yuro, wani lokacin ya haura dubu. Maganin abin mai sauƙi ne, kuma masu yawan tafiya sun daɗe suna yi: raba hayar gida biyu. Ka karɓi mota a Faris, ka ajiye ta a Strasbourg, wanda har yanzu cikin Faransa yake. Daga nan ka hau jirgin cikin gari da tun 2017 yake tsallaka kogin Rhine zuwa Kehl ta Jamus, ko ka hau jirgin ƙasa zuwa wani birnin Jamus da ke kusa, ka karɓi mota mai lambar Jamus ka ci gaba. Haka ake yi tsakanin Hendaye ta Faransa da Irun ta Sifaniya. Wahalar jan akwati na awa ɗaya ce, amma abin da za ta rage maka yana iya biyan otal na kwanaki. Motar Ingila kuwa, mai sitiyari a dama, kada ma ka sa ran barinta a Faransa.

Ban ce a guje wa kuɗin nan ko ta halin ƙaƙa ba. Wani lokacin biyan shi ne hankali. Shahararriyar hanyar nan ta Amurka mai lamba 66, daga Shikago zuwa Santa Monika a bakin teku, ta kusa kilomita 4,000. Wanda ya ce zai dawo da motar Shikago don gudun caji ya ɗaukar wa kansa ƙarin tuƙin kwana uku ko fiye, ga mai, ga kwanan otal, ga kuɗin hayar waɗannan kwanakin, ga gajiyar da ke jawo haɗari. Mu ƙaddara haya dala 50 ce a rana, otal dala 100, mai na dawowa dala 300. Kafin ka ci abinci ka kashe wajen dala 750. In aka ce maka kuɗin ajiyewa dala 500 ne, biya ka huta. Ma'aunin kullum shi ne ka kwatanta abin da suka nema da abin da dawo da motar da kanka zai ci maka, har da lokacinka.

Sai batun yadda ake ɓoye shi, wanda nan ne ake yi wa baƙo shigo-shigo ba zurfi. Wasu kamfanoni suna rubuta shi a fili. Wasu kuma sukan narkar da shi cikin kuɗin kowace rana, ka ga an ce babu kuɗin ajiyewa alhali farashin yini ya ninka. Wasu sukan cire maka damar tafiya ba iyaka su koma cajin kowace kilomita. Shafukan dillalai na intanet, masu jera farashin kamfanoni da yawa, wani lokaci sukan nuna adadi mai daɗi, sai can ƙasa da ƙananan baƙaƙe a ce sauran kuɗi a kanta za a biya. Don haka ka nemi farashi sau biyu a kan ranakun tafiyarka: ɗaya na mayarwa inda ka karɓa, ɗaya na ajiyewa a ɗaya garin. Bambancin da ke tsakani shi ne ainihin abin da ake cajinka, ko da wane suna aka kira shi. Ka gwada reshen cikin gari maimakon na filin jirgi, domin filayen jirgi na da nasu ƙarin haraji. Kuma ka tabbata sunan reshen da za ka ajiye motar da jimillar kuɗin suna rubuce a takardar yarjejeniya kafin ka sa hannu. In shiri ya canja a hanya, kira kamfanin tukuna. Ajiye mota a reshen da ba a yi da kai ba yana jawo tara, kuma katinka na hannunsu.

Ga masu zuwa Umara, waɗanda da yawansu kan sauka a Madina su tashi daga Jidda, tambayar farko ita ce ko ana buƙatar motar ma. Tsakanin Madina da Makka kusan kilomita 450 ne, kuma tun 2018 jirgin ƙasa mai gudu na Haramain yana haɗa Madina da Jidda da Makka cikin kimanin awa biyu da rabi. Kusa da Harami wurin ajiye mota wahala ne, sai ta kwana a garejin otal kana biyan hayar da ba ka mora. In kuna da yawa, ga tsofaffi ga kaya, kuma kuna son tsayawa a miƙatin Zul-Hulaifa ku ɗaura harami a natse, to a auna hayar da kuɗin ajiyewarta a gefe guda, da shatar mota mai direba a ɗaya gefen. A ganina, ga wanda bai saba da titunan Saudiyya ba, mai direban ya fi kwanciyar hankali.

Abu biyu na ƙarshe da kan hana mutum mota ko da ya gama biya. Yawancin kamfanoni na son katin bashi na banki mai sunan direban, su riƙe kuɗin ajiya a kai har a dawo da mota, kuma da yawa ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum, balle tsaba. Ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje. Sannan ka yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun kana gida, ka haɗa shi da na ƙasarka, domin ba a karɓar sa shi kaɗai. In shekarunka ba su kai 25 ba, ka sa ran ƙarin caji a wurare da yawa.

Mai karatu, daren da za ka zauna sayen tikiti, fara buɗe shafin kamfanin mota ka ga jimillar kuɗin ajiyewa da idonka, ka adana hotonta a waya, sannan ka koma kan jirgi.