Nazari: Abin da Kamfani ke Saye Idan Ya Gayyaci Mawaƙan Rok Zuwa Taronsa

A cikin watan Yuli na shekarar 2007, bankin Deutsche Bank na ƙasar Jamus ya tara manyan abokan cinikinsa 'yan ɗaruruwa a wani gidan tarihi da ke birnin Barcelona na ƙasar Sifen. Waɗanda suka yi masu wasa a daren su ne Rolling Stones, ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila wadda ta saba cika filayen ƙwallo. Jaridu sun ba da rahoton cewa an biya ta fiye da dalar Amurka miliyan 5 saboda wasan da bai kai sa'a biyu ba.

A dā irin wannan ciniki abin kunya ne ga mawaƙan rok, domin kiɗan ya yi suna ne da adawa da masu kuɗi da masu mulki. Lamarin ya soma sauyawa a shekarar 1981, lokacin da kamfanin turare na Jovan ya ɗauki nauyin rangadin Rolling Stones a Amurka. A shekarar 1988 mawaƙi Neil Young ya fitar da waƙar zambo ga takwarorinsa masu sayar da sunansu ga kamfanoni, amma hakan bai hana komai ba. A 1995 kamfanin Microsoft ya biya Rolling Stones domin ya yi tallar Windows 95 da waƙarsu, kana a 1997 Bob Dylan ya yi wa ma'aikatan kamfanin Applied Materials wasa a birnin San Jose.

Babban dalilin wannan sauyi shi ne faɗuwar kasuwar faifai. A shekarar 1999 cinikin waƙoƙin da aka naɗa a Amurka ya kai dala biliyan 14.6, amma zuwa 2014 ya ragu zuwa kimanin dala biliyan 7, sakamakon kwafar waƙoƙi kyauta ta intanet. Kasuwar ta farfaɗo daga bisani, sai dai kafin nan mawaƙa sun riga sun mai da wasa a gaban jama'a babbar hanyar samunsu.

Ga mawaƙi, wasan kamfani ciniki ne marar kasada. An yanke farashi tun da farko, babu fargabar tikiti zai yi kwantai, babu kuɗin talla, sau da yawa kuma mai gayyata ne ke biyan kuɗin jirgi, masauki da kayan sauti.

Shi kuwa kamfani, abin da yake saye shi ne halartar mutanen da yake son gani. Manyan manajoji masu sa hannu a kwangila galibi sun haura shekara 45, kuma waƙoƙin ƙuruciyarsu suke son ji. Shi ya sa ake neman tsofaffin ƙungiyoyi fiye da sababbi. Kamfanin Salesforce mai sayar da manhajar kwamfuta ya kawo Metallica taronsa na shekara-shekara a San Francisco a 2011, Foo Fighters a 2015, da U2 a 2016. Abokin hamayyarsa, Oracle, ya kawo Aerosmith a 2009. Baƙon da ya zo don kiɗan dare yakan shafe yini yana sauraren tallar haja.

Sai dai kuma akwai haɗari. A watan Fabrairun 2009 bankin Northern Trust na Amurka ya shirya wa baƙinsa liyafa a Los Angeles inda Sheryl Crow da ƙungiyar Chicago suka yi wasa, watanni kaɗan bayan ya karɓi kimanin dala biliyan 1.6 daga asusun gwamnati na ceto bankuna. 'Yan majalisar dokoki sun yi ca a kansa. Bankin ya ce ba da kuɗin gwamnati ya yi shagalin ba, amma sunansa ya riga ya shiga bakin duniya. Kazalika mawaƙi na iya ɗaukar laifin mai gidansa. Ƙungiyar Deep Purple, wadda ta yi wa kamfanin gas na Rasha, Gazprom, wasa a fadar Kremlin a 2008, an ci gaba da danganta ta da shugabannin ƙasar shekaru bayan haka.

Darasin ya shafi 'yan kasuwarmu, domin kiran mawaƙi ya ƙawata taro ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa tun zamanin su Alhaji Mamman Shata. Bambancin shi ne, attajiri aljihunsa yake taɓawa, shi kuwa manajan kamfani dukiyar masu hannun jari ce a hannunsa.

Don haka kafin a sa hannu, ya kamata a raba jimlar kuɗin da yawan baƙin da ake sa ran za su kawo ciniki, a ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. A rubuta a cikin yarjejeniya tsawon wasan, izinin ɗaukar hoto da amfani da sunan mawaƙin wajen talla, da kuma wanda zai ɗauki asara idan an fasa. Har ila yau a dubi lokaci: kamfanin da ke sallamar ma'aikata, ko ya kasa biyan ribar shekara ga masu hannun jari, ya jinkirta kiɗan har sai lissafi ya daidaita.