Agogon Arlit da agogon Dutsen Koya

Arlit gari ne na ma'adinai a arewacin Nijar, cikin jihar Agadas. An kafa shi a shekarar 1969 saboda uraniyom da aka gano a wurin, kuma an fara haƙar uraniyom ɗin a 1971. Can nesa wajen gabas, a ƙasar Japan, akwai wani dutse mai suna Koya. A shekarar 816 wani malamin addinin Buda, ana ce da shi Kukai, ya kafa wurin ibada a bisansa. Yanzu ɗakunan ibadar da ke kan dutsen sun fi 100.

Mabiyan Kukai sun ɗauka cewa bai mutu ba, yana cikin hubbarensa yana ibada. Don haka kullum da ƙarfe 6 na safe sukan kai masa abinci cikin akwatin katako. A daidai wannan lokaci agogon Arlit yana nuna ƙarfe 10 na dare. Ranar ma ba ɗaya ba ce: idan safiyar Talata ce a Koya, a Arlit Litinin ba ta ƙare ba tukuna. Bambancin awa 8 ne cur.

Mene ne dalili? Duniya kamar ƙwallo take, tana juyawa daga yamma zuwa gabas. Gefen da ya dubi rana yana samun haske, ɗaya gefen kuwa yana cikin duhu. Mutanen gabas su ke fara ganin fitowar rana. Duniya tana gama juyi ɗaya, watau digiri 360, cikin awa 24. In aka raba 360 gida 24 za a sami 15. Ashe kowace awa duniya tana juya digiri 15, digiri ɗaya kuma yana cin minti 4.

A 1884 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Washington, suka amince a riƙa fara ƙidayar digiri daga layin da ya ratsa Girinwic, a Ingila. Agogon Nijar yana gaban na Girinwic da awa 1, na Japan kuwa da awa 9. A cire 1 daga 9, saura 8. Wanda yake Arlit, in ya buga waya zuwa Koya da ƙarfe 6 na yamma, zai tashi mutane daga barci da ƙarfe 2 na dare!

Amma fa rana ba ta bin agogo sau da ƙafa. Arlit tana wajen digiri 7 da rabi gabas da Girinwic, alhali agogon Nijar an daidaita shi ne da digiri 15. Shi ya sa rana ba ta kaiwa tsaka a Arlit sai wajen ƙarfe 12 da rabi. Dutsen Koya kuwa yana dab da digiri 135, layin da Japan ta daidaita agogonta da shi. In da ranar za a bi, tazarar wuraren biyu za ta kai awa 8 da rabi.

Ana ganin irin wannan ko a cikin Nijar. Difa da Yamai agogonsu ɗaya, amma da azumi mutanen Difa suna rigan na Yamai buɗa baki da kamar minti 40, don rana tana riga faɗuwa a gabas.

Tambayoyi

1. Idan ƴan makarantar Arlit suka shiga aji da ƙarfe 8 na safe, ƙarfe nawa ne a Koya?
2. Akan sake kai wa Kukai abinci da ƙarfe 10 da rabi na safe. Ƙarfe nawa ke nan a Arlit?
3. Tsakanin Damagaram da Tawa, wane gari ne yake fara ganin fitowar rana? Don me?

Aiki

Ku samo ƙwallo da tocila. Ku sa alama biyu a jikin ƙwallon da alli, ɗaya Arlit, ɗaya Koya. Ɗayanku ya haska, wani kuma ya juya ƙwallon sannu a hankali. Wace alama ce ta fara shiga haske?