Tayar keken tsere: ka ci moriyarta, amma kada ka kai tsohuwa gaba

Sana'ata gyaran keke ce, kuma a 'yan shekarun nan kekunan tsere masu siririyar taya sun yawaita a rumfata. Galibinsu na gwanjo ne, sun iso daga Turai da tayoyin da aka riga aka ci rabinsu. Sabuwar taya mai nagarta ta yi tsada, shi ya sa nake yawan jin magana biyu daga bakin samari: "Oga, wannan za ta ƙara kai ni?" da kuma "Oga, juya min su, ka kai ta baya gaba." Ta biyun nan ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tayar baya ce ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin mahayi da keken, ita ce kuma ke tura shi, don haka takan riga ta gaba suɗewa nesa ba kusa ba. Sai mai keke ya ga ta gaba tana nan da ƙarfinta, ya ce a musanya don su ƙare tare. Masu mota suna yin haka, amma a keke ganganci ne. In tayar baya ta fashe kana cikin gudu, keken zai yi ta wutsil-wutsil, sai dai yawanci za ka iya lallaɓa shi ka tsaya. In ta gaba ce ta fashe, musamman a kwana ko a gangara, kan keken zai ƙwace maka, kafin ka farga kana ƙasa, ga babura da motoci a bayanka. Da tayar gaba kake juyawa, a kanta kuma mafi yawan ƙarfin birki yake sauka.

Ga yadda nake yi wa masu zuwa wurina. A bar ta baya a inda take har ta ƙare. Ranar da ta ƙare a cire ta, a mayar da ta gaba baya, a sa sabuwa a gaba. Da haka taya ɗaya kake saya a kowane karo, kowace taya ka cinye ta ƙarƙaf, kuma ta gaba ba za ta yi shekaru a wurin tana bushewa tana tsattsagewa ba. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Marigayi Sheldon Brown, shahararren bakaniken keke na jihar Massachusetts a Amurka wanda ya rasu a 2008, ya daɗe yana jan kunnen mahaya a kan haka. A dai tabbatar faɗin tayoyin ya dace, a kuma bi kibiyar da ke gefe in akwai.

To, yaushe taya ta ƙare? Da yawa suna jefar da taya mai sauran rai don sun ga ta yi santsi. Tayar tsere da ma haka ake ƙera ta. Robar ce ke kama kwalta, zanen da ke jikinta ba ya ƙara wani abin kirki. Wasu tayoyin kamfanin Continental suna da 'yan ramuka biyu a tsakiya, da haruffan TWI a gefe suna nuna wurin. Muddin kana ganin ramukan, da sauran tafiya. Wadda ba ta da su, ka tsaya a bayan keken ka dubi tsakiyarta. Sabuwa a mulmule take, wadda ta sha hanya kuwa tsakiyarta kan baje. Bajewa kaɗai ba ta kashe ta ba, za ta iya ci gaba a baya. Amma in zare ya fara leƙowa, ko faci ya yawaita babu gaira babu dalili, ta gama aiki. Kumburi kuwa ba shi da magani, domin zaren ciki ne ya tsinke.

Abin da ya fi kashe taya kafin lokacinta shi ne rashin daidaita iska. Ana kai keke wurin mai facin babur, ya latsa da babban yatsa ya ce ta yi. Yatsa ba ya bambance 60 da 90 a ma'aunin iska na PSI. Siririn tub yana rage iska cikin 'yan kwanaki ko da bai huje ba, saboda haka ka mallaki famfo mai agogo ka riƙa dubawa kafin fita. Mutum mai kilo 70 a kan taya 700x25, tsakanin 80 da 90 a ma'aunin PSI ya ishe shi. A kan 700x28, wajen 70. Ta baya ta ɗan ɗara ta gaba. In iska ta yi kaɗan ka faɗa rami, rim zai matse tub ya bar huji biyu kusa da juna, wanda ake kira cizon maciji, gefen tayar kuma ya yi ta lanƙwashewa har zarensa ya gaji. In ta yi yawa, tayar ta fi saurin yankewa, kuma a zafin bazara iskar ƙaruwa take yi. Kada ka wuce lambar da aka rubuta a gefe, tsohuwar taya ma kada ka kai ta can.

Sai dubawa, wanda ba ya cin ko sisi. In ka dawo daga hanya, kifa keken, ka goge tayar da tsumma mai laima, kana juya ta a hankali. Duk inda ka ga ɗan tsagi, rage iska ka matse shi da yatsu biyu, bakinsa zai buɗe. Sau da yawa za ka tarar da ɓarɓashin kwalba yana ƙyalli a ciki, ko ƙayar tsidau, ko siririyar waya irin ta tayoyin manyan motoci da suka tarwatse a titi. Ba ranar da suka shiga suke huda tub ba. Kowace juyawa ƙara cusa su take yi. Ka zaƙulo su da allura. Kada ka cike tsagin da gam mai sanƙarewa, domin in ya bushe yakan zama tsini a cikin robar.

In yankan ya ratsa har ciki amma ƙarami ne, sai na yanko ƙyalle daga gefen wata matacciyar taya, na cire wayar bakinta, na zagaye kusurwoyinsa da almakashi, na manna daga ciki da sholisho. Bayan an hura, in wurin ya taso, a haƙura da tayar. In ya kwanta lafiya, a baya za ta zauna.

Ka duba kada robar birki ta riƙa gogar gefen taya. Ka daina jan birkin baya har taya ta yi ƙara a kwalta, burgar nan a wuri ɗaya take cinye roba. Kada ka jingine keke a rana ko kusa da janareta, kuma fetur da baƙin mai kada su taɓa tayar.

Mai sayen tayar gwanjo, ka karanta lambar gefe: ta keken tsere na zamani tana ƙarewa da 622, kamar 25-622. Mai 630 ko 635 ba za ta zauna a rim ɗinka ba, komai kamar da ta yi a ido. Ka lanƙwasa ta a cikin haske, in ƙananan tsagogi suka bayyana a gefe, ajiye ta ko da kyauta aka ba ka.

'Yan'uwana masu gyara, don Allah in mai keke ya ce a kai masa suɗaɗɗiyar taya gaba, ku yi masa bayani, ku ƙi.