Daga Lamba zuwa Ɗigon Baki

Duba damtsen wani dattijo a Dareta ko a kasuwar Anka. Sau da yawa za ka ga ɗan tabo zagayayye. Sunansa lamba, tabon rigakafin agana ne.

Agana mugun ciwo ce. Takan feso a jiki duka, ta kashe wasu, ta makantar da wasu. Wanda ya tashi, ya tashi da zanzana a fuska. A 1967 aka fara babban rigakafi a Afirka ta Yamma. Ma'aikata suka bi gari gari da wata na'ura mai kama da bindiga, ana taka ta da ƙafa, tana tura magani cikin fata. Mai gari ya sa a yi shela, jama'a su yi layi. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce agana ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Rigakafin shan inna kuwa ya sha wuya. A 2003 aka dakatar da ɗigon a Kano da Zamfara, saboda an ce yana hana haihuwa. Bincike bai tabbatar da haka ba. Amma tsoron yana da tushe. Mutane ba su manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani da yara 200 a Kano, 11 suka rasu. Iyaye kuma suna tambaya: don me ake kawo ɗigo kyauta har gida, maganin zazzaɓi kuwa sai da kuɗi? Tambaya ce mai kyau, ta cancanci amsa. Kafin a daidaita, ciwon shan inna ya nakasa yara da yawa. Da sarakuna da malamai suka sa baki, ƙofofi suka buɗe. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka ce asalin ƙwayar shan inna ta bar Afirka.

Amma ba kowane ciwo ne ke da rigakafi ba. Mu tuna da 2010. Likitoci masu bin sawun sanƙarau ne suka lura yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ashe gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gida. Wannan ba ta da allurar rigakafi, sai a raba yara da ƙurar.

Uwa, adana katin rigakafin jaririnki. Ki kai shi asibiti da zarar an haife shi, sannan a sati 6, sati 10, sati 14, da wata 9 don allurar ƙyanda.